Malam Abdullahi na Gwandu, Gwanin Harshe

Wanda ya tashi daga Maiyama ya nufi arewa, zai zo Jega, garin babbar kasuwa a bakin Gulbin Zamfara. In ya wuce Jega ya yi arewa maso gabas, sai Aliero, garin albasa da masu ɗori. In ya ƙara gaba kamar tafiyar yini guda a ƙasa, sai ya iske wani tsohon gari a tsakanin tuddai. Shi ne Gwandu. A nan ne kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu. Garuruwan nan duka a cikin ƙasar Gwandu suke, a Jihar Kebbi.

Yara da yawa sun ji labarin Malam Abdullahi, sun san jarumi ne, kuma shi ne Sarkin Gwandu na fari. Amma da takobi da sarauta, duk bayan alƙalami suke a wurinsa. Ya yi ilmi mai zurfi, musamman ilmin harshe, watau sanin yadda ake gina kalmomi, da yadda ake jera su har su zama magana. Ga labarinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Abdullahi a ƙasar Gobir wajen shekara ta 1766. Mutanensu Fulani ne, Toronkawa, gidan malamai tun kaka da kakanni. Sunan ubansa Muhammadu, amma ana yi masa laƙabi da Fodiyo, watau malami da Fulatanci. Wansa Usmanu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. A Degel suka yi zama mai tsawo.

A wurin ubansa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara goma sha uku, sai uban ya danƙa shi a hannun wansa. Shehu Usmanu ya karantar da shi tauhidi, da fiƙihu, da tafsiri, da nahawu, da waƙoƙin Larabawan dauri, har da lissafi. Daga nan ya shiga bin waɗansu malamai. Ya yi karatu wurin Malam Jibrila, wanda ya karantar da Shehu kansa. Ya kuma karanta littafin hadisi na Buhari wurin Malam Muhammadu Raji. A zamanin nan in almajiri ya ji labarin malamin da ya san wani littafi, sai ya ɗauki gafakarsa ya bi shi, ko da tafiyar kwana nawa ce. In ya sauke littafin, malamin ya ba shi izni, sa'an nan ya nemi wani.

Kayan karatu a zamaninsa

Ku da kuke da littattafai bugaggu, ku tuna a lokacin nan babu injin ɗab'i ko ɗaya a ƙasar Hausa. Wanda yake son littafi sai ya aro na wani, ya zauna ya juye shi da hannu, shafi bayan shafi.

Takarda ma abu ce mai tsada ƙwarai, gama daga nesa take zuwa. Da yawa a ƙasar Italiya ake yin ta. Jiragen ruwa su kawo ta Tarabulus, raƙuma su ƙetare Sahara da ita har zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. In aka ɗaga irin takardar nan a hasken rana, sau da yawa akan ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta. Hatimin masu yin ta ke nan.

Alƙalami kuwa da kara ake fere shi, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Tawadar allo da baƙin gawayi da ƙaro ake haɗa ta, don haka ruwa yake wanke ta. Amma ta takarda dabam ce. Akan jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a sa ƙaro. A cikin bagaruwa akwai wani abu mai bauri, shi ne wanda majema suke jeme fata da shi. In abin nan ya gamu da ƙarfe sai ruwan ya yi baƙi, ya kama takarda ya ƙi fita. Saboda haka har yanzu akwai littattafan da aka rubuta fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, ana karanta su sarai.

Ilmi uku na harshe

Abdullahi ya tashi yana jin Fulatanci da Hausa. Larabci kuwa a littafi ya koye shi, bai taɓa zuwa ƙasar Larabawa ba. Duk da haka ya ƙware har ya rubuta littattafai a kan dokokin harshen. Akwai fanni uku da ya yi fice a cikinsu.

Na ɗaya shi ne sarfu, ilmin ginin kalma. Yawancin kalmomin Larabci suna da saiwa mai baƙi uku. Ku ɗauki baƙaƙen nan, k da t da b. Ko'ina suka jeru haka, maganar rubutu ce. Kataba, ya rubuta. Katib, marubuci. Kitab, abin da aka rubuta. Maktab, wurin rubutu. Baƙaƙen nan uku ba su motsa ba, wasula ne suka sāke, aka kuma ƙara ɗan wani abu a gaba. Wanda ya san wannan doka, in ya koyi saiwa guda, ya sami kalma goma.

Hausa ma tana da irin nata. Daga auna aka sami ma'auni da ma'auna. Daga ƙera aka sami maƙeri da maƙera. Daga ɗinka aka sami maɗinki. Wannan ma da ake sawa a gaba tana nuna mai yin aikin, ko wurin aikin, ko abin yin aikin. Kalmar makaranta haka aka gina ta, wurin karatu ke nan. Da yawa kuma daga cikin kalmomin makaranta daga Larabci Hausa ta aro su. Littafi daga alkitab ya fito, allo daga allauh, malam daga mu'allim. Bakin Bahaushe ne ya goge su har suka zama nasa. Malam Abdullahi ya tsara dokokin sarfu a cikin wani littafi mai suna Hisnur Rasini, watau ganuwa mai ƙarfi. Baitocinsa sun kai kamar dubu.

Na biyu shi ne nahawu, ilmin jera kalmomi. A Hausa, wurin da kalma ta zauna shi yake nuna aikinta. Kare ya ciji Audu, magana ɗaya ce. Audu ya ciji kare, wata magana ce dabam, ko da yake kalmomin ba su sāke ba. A Larabci kuwa wasalin ƙarshen kalma ne yake nuna wannan. Wanda ya yi aiki yakan ɗauki rufu'a, wanda aka yi wa aiki ya ɗauki fataha. In mai karatu ya kuskure wasali guda, sai ya mai da mai cizo wanda aka ciza. Kun ga dalilin da ya sa malamai suka ce karatu ba ya tsayuwa sai da nahawu. Babban littafinsa na nahawu sunansa Bahrul Muhiɗi, watau teku mai kewaye. Baitocinsa dubbai ne.

Na uku shi ne aruli, ilmin awon waƙa. Wani malamin Basra, Halilu ɗan Ahmadu, shi ya fara tsara shi fiye da shekara dubu da suka wuce. Ya saurari waƙoƙin Larabawa, ya gane ko wace waƙa tana bin wani kari, ya fitar da kari goma sha biyar. Daga baya aka ƙara ɗaya. Asirin abin shi ne gaɓa iri biyu ce, doguwa da gajeruwa. Ku faɗi gari wanda mutane suke zama a ciki, sa'an nan ku faɗi gari na tuwo. Za ku ji a na biyun an ja gaɓar farko. A rubutun boko iri ɗaya ake rubuta su, amma a ajami akan ƙara alif a na tuwo. Mawaƙi yakan jera dogayen gaɓoɓi da gajeru bisa ƙa'ida, kamar yadda masaƙi yake jera baƙin zare da fari. Malam Abdullahi ya yi littafi a kan wannan fanni kuma.

To, me ya sa yake zuba dokokin harshe a cikin waƙa? Domin waƙa ta fi zama a ka. Kari da amsa-amo suna riƙe kalmomi, in ɗaya ta faɗi sai kunne ya ji gurbinta. A ƙasar da takarda take da tsada, almajirin da ya hardace baiti dubu ya sami littafin da gara ba ta ci, gobara ba ta ƙonawa.

Amsar da ya ba Mustafa Goni

Wajen shekara ta 1786 Shehu Usmanu yana yawon wa'azi, Abdullahi yana tare da shi. Maza da mata suna taruwa suna saurare. Sai wani malami, ana ce da shi Mustafa Goni, ya aiko da waƙa ta Larabci, yana neman Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azi. Shehu ya umurci ƙanensa ya ba da amsa. A lokacin nan shekarun Abdullahi ba su wuce kamar ashirin ba.

Ya ɗauki alƙalami ya amsa da waƙa, bisa karin da malamin ya bi, da amsa-amon da ya yi. Ya nuna masa mata a gefe guda suke zama, ba a cuɗe da maza ba. Ya kuma nuna barin mata cikin jahilci ya fi muni nesa. Mata suka ci gaba da zuwa karatu. A cikin gidan nan ne daga baya aka sami Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Alƙalami ya koma takobi

Jama'ar Shehu ta yi ta yawa, har sarakunan Gobir suka tsorata. Akwai wani almajirin Shehu, Abdussalami, wanda ya zauna da mutanensa a Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa, Sarkin Gobir, ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane. Da aka zo wucewa da su ta kusa da Degel, sai jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan zaman lafiya ya ƙare. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu.

A watan Yuni na shekarar nan aka gamu a Tabkin Kwatto. Malam Abdullahi ne ya ja rundunar jama'a. Dawakinsu ba su wuce kamar ashirin ba, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa. Gobirawa kuwa suna da barade da 'yan lifidi. Duk da haka jama'a suka yi nasara. A 1805 ya ja yaƙin da aka ci Birnin Kebbi, a shekarar kuma jama'a suka sauka Gwandu. Amma an sha wuya. An yi yunwa, kuma a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa malamai da mahardata Alƙur'ani masu yawa suka rasu. Rasuwar ko wane ɗaya daga cikinsu kamar ƙonewar ɗakin littattafai ce. Abdullahi ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya yi waƙoƙi na ta'aziyyar abokan karatunsa.

Tafiyarsa Kano

Da nasara ta fara samuwa, sai ya lura da wani abu da ya fi yunwa ɓata masa rai. Ya ga da yawa daga cikin mutane sun manta da dalilin da ya sa aka fito. Hankalinsu ya koma kan sarauta, da ingarmun dawaki, da manyan riguna, da tara dukiya. Saboda haka a 1807 ya rabu da runduna, ya nufi gabas da mutane kaɗan, da niyyar ya tafi Makka da Madina.

Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tsaya. Ya rubuta musu littafi mai suna Liya'ul Hukkami, watau hasken mahukunta, ya kuma karanta musu tafsiri. A cikin littafin ya bayyana aikin sarki, da na waziri, da na alƙali, da abin da ya halatta a karɓa daga talakawa da abin da bai halatta ba. Bayan haka ya fasa tafiya, ya komo wurin wansa. Har ya rasu bai sami zuwa Makka ba.

A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa biyu. Ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa yamma.

Shekarun rubutu

Da ƙura ta lafa, sai ya komo ga abin da ya fi so. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya lissafta malamansa da littattafan da ya karanta wurin ko wanne. Ta wurin ɗan littafin nan ne masana suke sanin irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa a zamanin nan. A 1813 ya tara waƙoƙinsa a cikin Tazyinul Waraƙati, ya bayyana dalilin yin ko wace ɗaya, sai littafin ya zama tarihi. Wajen 1816 ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili.

Da ya ga tafsirin nan ya yi wa ƙananan almajirai nauyi, sai ya rubuta wani gajere mai sauƙi dominsu. Ya san ba a hawan itace ta kan ganye. Ya rubuta Masalihul Insani, a kan abin da yake gyara addinin mutum da lafiyar jikinsa. Ya rubuta wani a kan ƙasa, yana bayyana yadda mutum yake mallakar dajin da ba na kowa ba in ya raya shi, kamar ya sare shi ya noma, ko ya haƙa rijiya, ko ya yi gini. In aka haɗa manya da ƙanana, ana lissafa masa littattafai wajen ɗari.

Ƙofar da aka rufe

A watan Afrilu na 1817 Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato. Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, amma da ya iso sai ya tarar an rufe ƙofar gari, an kuma naɗa Muhammadu Bello Sarkin Musulmi. Abin ya yi masa zafi, gama shi ne babba, shi ne kuma wazirin Shehu tun farkon al'amari. Amma bai tara runduna ba, bai zare takobi a kan ɗan wansa ba. Ya juya ya tafi Gwandu.

Aka yi 'yan shekaru ba sa shiri. Ana nan sai tawaye ya tashi a Kalambaina, kusa da Gwandu, wajen 1820. A cikin masu tawayen akwai mutanen Abdussalami, wanda ya saɓa da Bello har ya rasa ransa a 1818. Abin ya yi wa Gwandu nauyi. Da Bello ya ji, sai ya taho da rundunarsa ya taimaki baffansa, aka ci garin. A nan suka sadu. Bello ya girmama shi girmamawar ɗa ga uba, shi kuwa ya yi wa Bello mubaya'a. Rigimar da ta isa ta tsaga ƙasa biyu sai ta mutu a wurin.

Bayan haka Buhari ɗan Abdussalami ya bi Gwandu, aka bar shi ya kafa gari a bakin gulbi. Garin nan shi ne Jega. Da aka sami zaman lafiya kasuwarta ta bunƙasa, fatake suka riƙa zuwa ta ƙasa da ta ruwa.

Malam Abdullahi ya bar yawancin aikin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu. Shi kuwa ya zauna yana karantarwa yana rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai.

Abin da ya bari

Gwandu ta zama garin littattafai. A 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka a garin. A nan aka ara masa Tarihus Sudan, tsohon littafin tarihin Tambutu da daular Songhai, ya juyi abin da ya iya juya ya kai Turai. A 1961 aka buga Liya'ut Tawili a Alƙahira. A 1963 aka buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan, tare da fassararsa da Turanci. Har yanzu malamai suna karantar da littattafansa a zaurukan Gwandu da Sakkwato da Kano da sauran garuruwa.

A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, daga baya kuma aka sa mata sunan Abdullahi ɗan Fodiyo. Yaran Jega da Aliero da Maiyama da suke fatan shiga can wata rana, su tuna mai sunan da allo ya fara, yana yaro kamarsu, ya bi karatu hawa hawa. Da yayyafi kogi kan cika.

Tambayoyi

1. Wa ya karantar da Abdullahi bayan ya kai shekara goma sha uku?
2. Yaya ake haɗa tawadar takarda? Me ya sa take yin baƙi?
3. Mene ne bambanci tsakanin sarfu da nahawu?
4. Ku kawo kalmomin Hausa biyar da suka fara da ma, ku faɗi kalmar da ko wace ta fito daga cikinta.
5. Me ya sa malaman da suke zuba ilmi a cikin waƙa?
6. Me ya sa Malam Abdullahi ya bar runduna a 1807?
7. Wa ya kafa Jega?